Kafin ka ce sikana ta mutu, tambaye ta tukuna: yadda ake gane halin da sikanar bakod ta masana'anta take ciki

Ni aikina kula da na'urorin sito da na layin masana'anta ne, yawanci nan tsakanin Sharada da Bompai da Challawa, kuma wallahi babu kiran da ya fi shigowa wayata kamar "Injiniya zo, sikana ta mutu." In na je sai in tarar an riga an jefa ta a durowa ana lissafin kuɗin sabuwa, ko kuma wani ya samo bakod ɗin mayar da ita saitin kamfani a intanet ya haska mata, duk saitin da aka sha wahala aka yi tun shekara biyu ya tafi kuma babu wanda ya rubuta shi a ko'ina. Wannan na biyun ya fi min ciwo. Sikanar masana'anta, ko ta hannu ce irin Zebra DS3608 da Honeywell Granit, ko wadda ake ɗaurewa a saman bel irin Cognex DataMan da Keyence SR, an ƙera ta ne ta riƙa faɗin halin da take ciki, da fitila, da ƙara, har da amsa a rubuce in ka aika mata tambaya. Toh ga yadda nake bi, daki-daki.

Da farko kar ka canza komai, ka sa ido da kunne kawai

Cire kebul ɗin, ka ƙirga goma, ka mayar, sannan ka saurara. Sikanar Zebra mai lafiya in ta samu wuta tana yin ƙara uku masu hawa, ƙasa, tsakiya, sama. In ka ji wannan toh wuta ta isa kuma ƙwaƙwalwarta ta tashi. In shiru ne, babu ƙara babu haske ko ka danna kunamar, kar ka zargi sikana tukuna, kebul ne na farko a layin zargi, musamman wuyan nan da yake shiga gindin sikanar, nan ne yake lanƙwashewa kullum har wayoyin ciki su tsinke fatar waje tana nan ƙalau. Sa wani kebul da ka tabbatar yana aiki. In kuma ta RS-232 ce, wato mai tsohon irin kebul ɗin nan da ba USB ba, ka tuna galibinsu suna buƙatar adafta ta wuta daban, na sha zuwa in tarar an zare adaftar an sa cajar waya a soket ɗin.

Akwai wani abu kuma, in tana ta maimaita ƙarar tashin nan ita kaɗai, ta tashi ta mutu ta tashi, wannan wutar ce ba ta ishe ta ba. Yawanci an soka ta ne a ƙaramin hob na USB mara wutar kansa tare da firinta da kibod da komai, ko kebul ɗin an yi masa ƙari ya yi tsawo. Kai ta kai tsaye bayan kwamfuta.

Yanzu haska bakod da ka san mai kyau ne, ba na kwalin da ake ƙorafi a kansa ba. Ni ina yawo da kati ɗaya a aljihu, an buga bakod iri huɗu, Code 128 da EAN-13 da QR da DataMatrix, a jiki an lulluɓe shi da leda, shi ne ma'aunina. "Tit" ɗaya gajere mai tsini da koren haske na nufin ta karanta. A Zebra in ka ji ƙara huɗu dogaye masu kauri tare da jan haske, ma'anarsa ta karanta amma ta kasa isar da saƙon ga kwamfuta, kaga matsalar tana hanya kenan, idonta lafiya lau. Honeywell kuma tana da wata ƙara mai gurnani da take yi in an samu kuskure. Masu Bluetooth irin DS3678 suna da ƙarin yare: ƙasa sannan sama ta haɗu da mazauninta, wato inda ake ɗora ta wanda yake haɗe da kwamfuta, sama sannan ƙasa ta rabu da shi, ko dai yaron ya yi nisa da ita cikin sito ko an kashe wutar mazaunin. Kowane samfuri yana da jadawalin ƙararsa da fitilunsa a littafinsa, dan Allah ka buga shafin nan ka manna a bango kusa da inda ake aiki, rabin kiran da ake min da wannan takardar kaɗai za ta kashe shi.

Ƙarar "tit" ba shaida ce cewa saƙo ya isa ba

Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Buɗe Notepad, danna cikinsa, haska katin gwajin. In lambobin sun fito daidai, sikana da kebul sun fita daga zargi, ka koma kan manhajar sito. In ta yi "tit" amma Notepad fayau, toh mai yiwuwa ba a yanayin kibod take ba, wato inda take rubuta wa kwamfuta kamar ita ce kibod, an saita ta ne ta yi magana ta fot ɗin COM, wato wata ƙofar saƙo da sai manhaja ta buɗe ta take jin abin da ya shigo, kuma wannan ba lalacewa ba ce, haka manhajoji da yawa suke so.

In kuma rubutu ya fito amma shirme ne, maimakon 123 ka ga & da é da ", wannan na san shi sarai, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa sun fi cin karo da shi. Sikana ta zo da saitin kibod na Amurka, kwamfutar kuma tana kan kibod ɗin Faransanci AZERTY inda layin sama alamomi ne sai an danna Shift lamba take fitowa. Sikana a yanayin kibod maɓalli take aikawa, kwamfuta ce take fassarawa. Ka saita ƙasar kibod a sikanar ta dace da ta kwamfutar, shikenan.

Duba ko kwamfuta tana ganinta

A Windows buɗe Device Manager, ka zare sikanar ka mayar kana kallo, wani layi zai ɓace ya dawo. In a ƙarƙashin Keyboards ya dawo, yanayin kibod ce. In a ƙarƙashin Ports ne za ka ga lambar COM, rubuta ta. In ya fito da alamar ruwan ɗorawa, direbanta ne babu, sai ka sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. A Linux lsusb zai nuna maka ita, lambar da ta fara da 05e0 ta Symbol ce, wato Zebra ta yanzu, 0c2e kuma ta Metrologic ce wadda Honeywell ta saya a 2008, fot ɗin kuma galibi /dev/ttyACM0 ne.

Bari in ba ka labarin wani sito da na yi kwana uku ina zirga-zirga. Kullum aka ɗauke wuta aka koma janareta sai a ce sikana ta tsaya, tana "tit" amma komai baya shiga. Ashe kwamfutar tana kan UPS, hob ɗin da sikanar take ciki kuma a soket ɗin bango yake. Wuta na ɗaukewa sikana ta mutu ta tashi, Windows ta sake ƙirƙirar fot ɗin COM, ita kuwa manhajar tana nan riƙe da tsohon da ya riga ya mutu. Yaran kuma in sun ga haka sai su canza ramin USB, Windows ta ba ta sabuwar lamba, COM3 ya koma COM7, abin ya ƙara dagulewa. Mayar da hob ɗin kan UPS muka yi, na sa tef a ramin da aka yarda a soka, magana ta ƙare.

Yanzu ainihin tambayar, za mu fara da Honeywell

Na fi son farawa da ita saboda yarenta rubutu ne da mutum zai iya karantawa. Hanya mafi sauƙi ma ba ta buƙatar komai: a littafinta akwai bakod na nuna famwaya, wato manhajar da ke cikin cikinta, ka buɗe Notepad ka haska shi sai ta rubuto sunan samfuri da lambar famwaya da lambar siriyal. Amma in kana son tambaya mai zurfi sai ta COM. In a yanayin kibod take, bakod ɗin TRMUSB130 ne yake mayar da ita USB mai COM, PAP124 kuma yake dawo da ita kibod. Ka buga duka biyun a takarda kafin ka fara, kar ka tafi da ita inda ba za ka iya dawo da ita ba.

Buɗe manhajar tamina, wato wadda ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye da ita, da take iya aika heks, wato lambobin da kwamfuta take wakiltar haruffa da su, ni RealTerm nake amfani da ita. Zaɓi fot ɗin. In RS-232 ce ta gaske dole saurin bod, wato saurin aika saƙo, na sikana da na kwamfuta ya zo ɗaya, Granit da Xenon daga kamfani 115200 suke zuwa, bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa 1, amma sau da yawa wanda ya kafa ta ya sauke ta zuwa 9600 don ta dace da tsohuwar na'ura. In amsa tana fitowa kamar rubutun aljanu, saurin ne bai daidaita ba, ka yi ta gwadawa.

Kowane umarni yana farawa da haruffa uku: SYN, M, CR, a heks 16 4D 0D. Kamar sallama ce, in ba ka yi ta ba ba za ta kula ka ba. Bayansu sai sunan abin da kake tambaya, sai alamar tambayar, sai aya. Gwajin farko kullum REVINF. ne, gaba ɗayansa a heks 16 4D 0D 52 45 56 49 4E 46 2E. In ta amso da bayanin kanta, toh hanya a buɗe take ta ɓangare biyu, kana iya ci gaba.

Alamomin tambaya uku ne kuma kowacce da aikinta. Alamar ? na nufin me kike kai yanzu. Alamar ^ na nufin da me kika zo daga kamfani. Alamar * na nufin me da me za ki iya karɓa. Misali ka aika 128ENA?. in ta dawo da 128ENA1 toh Code 128 a kunne yake, in 0 ne a kashe yake. IDMENA?. na DataMatrix ne, QRCENA?. na QR, E13ENA?. na EAN-13, I25ENA?. na Interleaved 2 of 5 wanda shi ne bakod ɗin nan mai kauri na jikin kwali. 232BAD?. zai gaya maka saurin bod, 5 na nufin 9600, 9 na nufin 115200. BEPLVL?. ƙarfin ƙara ne, in ka ga 0 toh wani ne ya kashe mata murya, ita kuwa tana ta karatunta shiru ana cewa ta mutu. Dabarar da ta fi min amfani ita ce in tambayi abu da ? sannan in sake tambayarsa da ^, duk inda amsoshin biyu suka bambanta nan ne hannun mutum ya taɓa, ko da gangan ko bisa kuskure. Kuma ka duba tsawo, 128MIN?. da 128MAX?., don in an ƙayyade mata ta karɓi lamba goma zuwa sha biyu kawai, sabon lebul mai lamba sha huɗu za ta kalle shi ta yi shiru kamar ba ta gani ba.

A ƙarshen kowace amsa, kafin ayar, akwai harafi ɗaya da ido baya gani sai ka kunna nunin heks, kuma shi ne hukuncin. 06 shi ne ACK, ta gane ta kuma karɓa. 05 shi ne ENQ, ba ta san wannan sunan ba, ko ka yi kuskuren rubutu ko samfurin nan ba shi da wannan abin. 15 a heks shi ne NAK, ta san sunan amma ƙimar da ka bayar ta fita daga iyaka. In kuwa babu amsa ko ɗaya, matsalar ba ta kai ga umarni ba ma: fot ba daidai ba, wata manhaja ta riƙe fot ɗin, ko a RS-232 wayar aikawa da ta karɓa sun juye, fin na 2 da na 3 a kan DB9, wato fulogin nan mai fin tara, na 5 kuma shi ne ƙasa.

In za ka gwada canza wani abu, rufe umarnin da ! maimakon aya. Aya tana rubuta shi dindindin, ! kuwa na wucin gadi ne, ana kashe wuta ya goge. Wannan ya cece ni ba sau ɗaya ba. Kana kuma iya danna kunama daga nesa, 16 54 0D yana kunna hasken karatu, 16 55 0D yana kashewa, in ta amsa wannan amma ba ta amsa yatsa, maɓallin kunamar ne ya gaji.

Zebra

Ita yarenta na SSI fakiti ne na heks zalla, saurinsa na asali 9600. Neman famwaya shi ne 04 A3 04 00 FF 55: tsawo, lambar umarni, 04 mai nuna daga kwamfuta ne, matsayi, sai biyun ƙarshe lissafin tantancewa. Amsar za ta zo da A4 a gurbi na biyu. D0 na nufin ta karɓa, D1 ta ƙi, kuma tana haɗawa da dalili, 01 lissafin tantancewarka bai yi ba ka sake aikowa, 02 umarnin bai dace da halin da take ciki ba, 06 ta hana. Gaskiya sai in kana rubuta manhaja ne za ka shiga wannan wahalar, ga mai gyara manhajar Zebra ta 123Scan ta wadatar, kyauta ce, tana nuna samfuri da siriyal da famwaya da duk saitin, a masu batir da yawa har lafiyar batirin. Honeywell ma tana da irinta, EZConfig.

Waɗanda ke ɗaure a saman bel

Su babu mai riƙe su balle ya ji ƙara, ga hayaniyar inji, don haka fitilun jikinsu da netwok ne abin dubawa. Fara da wutar 24V, ka auna da mita a bakin sikanar ba a cikin fanel ba. Sai fitilar netwok, sai ka yi mata ping, wato ka kira adireshinta daga laftof ka ga ko za ta amsa. In ping baya dawowa ka duba ko laftof ɗinka yana layin adireshi ɗaya da ita, Keyence SR-1000 misali daga kamfani 192.168.100.100 take zuwa, in kai kana 192.168.1 wani abu ba za ku taɓa jin juna ba.

Cognex DataMan tana saurare ta Telnet a fot 23. Ka shiga da PuTTY ko Hercules ka aika ||>GET DEVICE.TYPE ko ||>GET DEVICE.FIRMWARE-VER, ka rufe da CR da LF. ||>TRIGGER ON yana sa ta ɗauki hoto ta karanta. A saitin asali ba ta cewa komai in umarni ya wuce ko ya faɗi, sai ka aika ||>SET COM.DMCC-RESPONSE 1 sannan ta fara sa lamba, 0 lafiya, 101 ba ta san umarnin ba, 102 ƙimar ce ba daidai ba. Amma ka mayar da shi yadda ka same shi in ka gama, don manhajar layin ba ta tsammanin waɗannan ƙarin lambobin, za su iya rikita ta. Keyence kuma fot 9004 ne, LON ta fara karatu, LOFF ta tsaya, in ba ta samu komai ba tsakanin biyun ta aiko ERROR, umarnin da ta ƙi kuma amsarsa tana farawa da ER.

In tana haɗe da PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan layi, ta EtherNet/IP ko PROFINET, roƙi mai kula da PLC ya buɗe maka bit ɗin matsayi ku kalla tare kwali yana wucewa. A Cognex jerin lafiya shi ne Trigger Ready a kunne, kwali ya zo, Acquiring ya ƙifta, Decoding ya biyo, Results Available ya tashi. Inda jerin ya tsaya nan ciwon yake. Trigger Ready yana kunne kwali ya wuce babu abin da ya motsa, sensar da ke ganin kwali ce, ta karkace ko ƙura ta rufe ta. Missed Acq yana tashi, ana kiranta tun ba ta gama na baya ba, ko bel ya yi gudu ko sensa tana harbawa sau biyu a kwali ɗaya. Results Available ya tashi ya ƙi sauka, PLC ne bai amsa mata cewa ya karɓa ba. General Fault kuwa sai ka shiga manhajar saitinta ka karanta rajistar kurakurai.

In komai ya amsa lafiya amma tana yawan kasa karatu

Ka mayar da "tana yawan kasawa" lamba. A Honeywell SHWNRD1. yana sa ta aiko NR duk sanda aka danna ba ta karanta ba, masu saman bel kuma suna ƙirga nasu da kansu. A ce kwali 1000 sun wuce 30 sun faɗi, kashi 97 kenan, rubuta da kwanan wata da awa. Sannan ka goge gilashin da tsumma mai laushi da ɗan danshi, ban da fetur, ban da kalanzir, ban da tina, suna cinye fuskar gilashin ya yi hazo har abada. Da hunturu ƙurar nan mai laushi tana kwanciya a kai cikin yini ɗaya, ni a watannin nan nakan ce a goge kowane canjin aiki. Ka sake ƙirgawa. In lambar ta tashi ka samu amsarka.

In ba ta tashi ba, ware kwalayen da suka faɗi ka dube su da ido. Farin layi siriri da ya ratsa kowane lebul a wuri ɗaya, kan firinta ne ya ƙone a wannan ɗigon. Lebul da ya yi duhu ko ya koɗe, takardar zafi ce ta sha rana ko ta kwana a cikin kwantena a watan Afrilu. Leda mai ƙyalli a kan bakod tana mayar da hasken cikin idon sikana, ka ɗan karkata ta kamar digiri 15 maimakon ta kalli lebul ɗin tsaye. In faɗuwar tana zuwa ne a awa ɗaya kullum, ka tsaya a wurin a wannan awar, sau da yawa rana ce take shigowa ta taga ko ta rufin leda.

Masu sito na magani ku kula da wannan. DataMatrix na GS1, wato tsarin lambar kaya na duniya, yana ɗauke da lambar kaya bayan 01, ranar lalacewa bayan 17, lambar bac, wato rukunin da aka haɗa kayan tare, bayan 10, siriyal bayan 21, kuma tsakanin wasu filayen akwai harafin rabuwa da ba ya ganuwa, lamba 29 a ASCII, 1D a heks. A yanayin kibod sau da yawa yana ɓacewa a hanya, sai bac da siriyal su manne manhaja ta ce kayan bogi ne alhali sikana ta karanta daidai. Duba a heks ta COM ko 1D yana nan. Ka kuma kunna alamar AIM ta riƙa gaya maka irin bakod ɗin da ta karanta, ]d2 DataMatrix na GS1, ]C1 GS1-128, ]E0 EAN-13, da haka za ka kama ta in tana ɗaukar bakod ɗin gefe maimakon wanda ake so.

Sai yanzu ake maganar mayar da ita saitin kamfani, in har ya zama dole. Kafin nan ka sauke saitinta gaba ɗaya da 123Scan ko EZConfig ko manhajar Cognex, ka sa wa fayil ɗin sunan layin da siriyal da kwanan wata, kwafi ɗaya a laftof ɗinka, ɗaya a filashi a ofishin manaja. 123Scan da EZConfig suna iya buga saitin a matsayin bakod a takarda, ka buga, ka lulluɓe da leda, ka rataye a cikin fanel. Bayan an mayar da ita, haska katin gwajinka a Notepad. In ta karanta duka huɗun ka ɗora mata saitin da ka ajiye ka mayar da ita bakin aiki. In har a saitin kamfani, da sabon kebul, da gilashi mai tsabta, a wata kwamfutar daban ta kasa karanta katin, sai ka rubuta siriyal da famwaya da duk abin da ka gwada a takarda ɗaya ka haɗa da ita zuwa wurin dila.